Zazzafar hacbak ko motar sipot ta gaske: a kan me masoya mota ke ta jayayya?

Idan mota mai ƙofa biyar, da kujerar yara a baya da but ɗin da zai ɗauke cefanen mako, ta bar Porsche a baya daga wannan danja zuwa waccan, shin ta zama motar sipot ke nan? A kan wannan tambayar masoya mota a Turai da Japan da Amurka suka yi kusan shekara 50 suna kai ruwa rana. Maganar ta sake tashi yanzu saboda Volkswagen Golf GTI, wadda ake ɗauka uwar jinsin da ake kira zazzafar hacbak, tana cika shekara 50 a 2026, a daidai lokacin da kamfanoni ke ta janye irin waɗannan motoci daga kasuwa ɗaya bayan ɗaya.

Wanda bai san kan zancen ba zai ɗauka musun a kan gudu ne. Da a ce gudu ne, da tuni agogo ya raba gardama, kowa ya kama gabansa.

Wace ce zazzafar hacbak, wace ce motar sipot?

Hacbak dai ba baƙuwarmu ba ce. Ita ce motar da gilashin bayanta da murfin but suke haɗe, ƙofa ɗaya ce da ake ɗagawa sama, kuma idan ka kwantar da kujerun baya sai ciki ya zama fili. Golf 2 da Golf 3 da suka cika tashoshinmu, da Starlet ɗin da ta yi zamanin tasi, duk hacbak ne. An yi su ne don aikin yau da kullum: a kai yara makaranta, a je kasuwa, a sha mai kaɗan.

Zazzafar ita ce wadda kamfanin da kansa ya ɗauki wannan mota ta talaka ya hura mata wuta. Ya sa mata inji mai ƙarfi, ya sassauke ta ƙasa, ya ba ta sifirin da shokozoba masu tauri, manyan birki, faffaɗan tayoyi, da kujerun da ke rungume haƙarƙarin direba a kwana. 'Yan jaridar mota na Ingila ne suka yayata mata sunan "hot hac" a farkon shekarun 1980. Bodinta na 'yar'uwarta ne ta gida, kuma galibi da tayoyin gaba take ja.

Motar sipot kuwa tun daga farar takarda don tuƙi aka zana ta. Kujera biyu ce, ko biyu da wasu 'yan ƙanana a baya da ba sa ɗaukar babba. Tana kwance ƙasa, ba ta da nauyi, da tayoyin baya take ja, injin kuma an tura shi can ciki kusa da tsakiyar motar ko an ajiye shi a bayan direba. Mazda MX-5, Toyota GR86, Alpine A110, Porsche 718 Cayman, Lotus Elise, su ne misalan da ake kawowa. A lura, ba motar tsere ake nufi ba, wadda ba ta hawa titin jama'a, ba kuma irin su Ferrari da Lamborghini na miliyoyi ba. A wajenmu duk motar da ta yi ƙasa-ƙasa kuma salansarta ke ruri sai a ce "sipot ce", to a wannan musun ba haka kalmar take ba.

Yadda ƙaramar motar iyali ta ƙwace kasuwar

Kafin 1970, matashin Bature mai son tuƙi kuma mai ƙaramin albashi hanyarsa a bayyane take: ya sayi MG ko Triumph, ƙananan motocin Ingila masu buɗaɗɗen sama da kujera biyu. Daɗin tuƙi suna da shi. Amma ruwan sama yana yoyo ciki, tsatsa na cin su, wayoyin wutarsu kuma ba su da amana. Sai rikicin man fetur na 1973 ya zo, ga kuma dokokin kare haɗari na Amurka, wadda ita ce babbar kasuwarsu. A 1974 dole ta sa aka maƙala wa MGB baƙaƙen bamba na roba, aka kuma ɗaga ta sama, abin da ya ɓata mata kama hanya.

A can Wolfsburg ta Jamus kuwa, wasu tsirarun ma'aikatan Volkswagen, ciki har da injiniya Alfons Löwenberg da shugaban sashen hulɗa da 'yan jarida Anton Konrad, suna ta ƙera wata Golf mai zafi a bayan fage, ba da umarnin manya ba. Da aka amince, aka nuna ta a baje kolin motoci na Frankfurt a 1975, ta shiga kasuwa a 1976. Injinta lita 1.6 ne mai injekta a zamanin da kafireto ke mulki, ƙarfin doki 110, nauyinta kilo 810 kacal, tana kai gudun kilomita 182 a awa. A ciki kujerun na yadi ne mai zanen dara, kan giyar kuma an yi shi kamar ƙwallon golf, aikin wata mai zane a kamfanin, Gunhild Liljequist. Daga waje kuma an san ta da ɗan jan zaren da ya zagaye hancinta. Guda 5,000 aka yi niyyar ƙerawa. Kafin a rufe wannan zubi na farko an ƙera fiye da 450,000.

Ba ita ce farkon gwaji ba. Autobianchi A112 Abarth ta Italiya ta riga ta tun 1971, Renault 5 Alpine kuma tare suka fito. Amma GTI ce ta nuna wa kowa cewa akwai kuɗi a wannan hanya. Peugeot ta biyo da 205 GTI a 1984, Ford da Escort XR3i, kowa ya shigo.

A 1980 aka rufe masana'antar MG da ke Abingdon, Triumph Spitfire ma ta mutu a shekarar, TR7 ta bi ta a 1981. Abin da ya fi ƙona wa masu aƙidar sipot rai shi ne, bayan shekara biyu da rufe Abingdon, sai ga tambarin MG an manna shi a kan Metro, wato ƙaramar hacbak mai jan gaba. Tsofaffin masoya MG sun ga abin kamar a naɗa wa bara rawanin maigida. Daga nan gabar ta samo asali, kuma ƙurarta ba ta kwanta ba.

Ba daga Ingila ceton motar sipot mai araha ya zo ba. Daga Hiroshima ta Japan, gidan kamfanin Mazda, ya zo. A Fabrairun 1989 Mazda ta nuna MX-5 a Chicago: siffar tsofaffin motocin Ingila, amma wadda za ta tashi kullum da safe kuma rufinta ba ya yoyo. A 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya.

Abin da agogo ya ce

A nan masu hacbak ke baje kolinsu, kuma da gaskiyarsu. MX-5 ta yau mai injin lita 2 tana da ƙarfin doki 184, tana kai gudun kilomita 100 daga tsaye a cikin daƙiƙa 6.5. Honda Civic Type R, mai ƙofa biyar, tana da doki 329, daƙiƙa 5.4. Mercedes-AMG A45 S tana matso doki 421 daga injin lita 2, tana ja da tayoyi huɗu, daƙiƙa 3.9. Wannan ya fi ƙaramar Porsche Cayman mai doki 300 sauri, kuma ba da kaɗan ba.

A kwana ma ba a bar su a baya ba. Filin gwajin da kamfanoni ke alfahari da shi shi ne Nürburgring, hanya mai tsawon kilomita 20.8 da ke murɗawa cikin tsaunukan Eifel na Jamus. A 2023 Civic Type R ta zagaye shi a minti 7 da daƙiƙa 44.881. A 2025 Golf GTI Edition 50 ta yi minti 7 da daƙiƙa 46.13. Duka biyun da tayoyin gaba suke ja, kuma MX-5 ko GR86 ba za su ga ƙurarsu ba.

Saboda haka idan mai hacbak ya ce "to me ya rage?", tambaya ce mai nauyi. Amsar da ɗaya ɓangaren ke bayarwa ita ce, agogo yana auna motar ne, ba ya auna abin da direban ya ji.

Inda bambancin yake zaune: tsakiyar kwana

Ka ɗauki tafin hannunka. Kusan faɗinsa ne kawai na kowace taya ke taɓa kwalta, kuma riƙon da ke wannan ɗan fili yana da iyaka. A motar da ke jan gaba, tayoyin gaba biyu ne ke juya motar, su ne ke jan ta, su ne kuma ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. Injin da giya duk a kansu suke zaune, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar. Idan ka shiga kwana da gudu ka kuma taka totur, ka nemi abu biyu daga taya ɗaya. Sai hancin motar ya ƙi bin sitiyari, ya nemi miƙewa waje. Idan ƙarfin injin ya yi yawa kuma, a miƙaƙƙiyar hanya ma za ka ji sitiyarin na fizgar hannunka dama da hagu kamar akuyar da ba ta son zuwa kasuwa.

A motar jan baya an raba aikin. Na gaba su juya, na baya su tura. Sitiyarin ba ya ɗauke da ƙarfin inji, don haka abin da yake kawo wa tafin hannunka labarin kwalta ne zalla: nan akwai yashi, nan taya ta fara saki. Nauyin MX-5 rabi a gaba rabi a baya yake, dukanta kuma ba ta wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, alhali Civic Type R ta haura kilo 1,400. Kana zaune can ƙasa, ƙafafu a miƙe, kusan a kan tayoyin baya, ta yadda ƙugunka ke fara jin motar na juyawa kafin idonka ya gani. Gwanin direba yana iya sarrafa bayan motar da totur, ya ƙara wuta ta karkata, ya sassauta ta dawo. Shi ya sa samarin da ke wasan mota a bukukuwanmu ke neman tsofaffin BMW da Marsandi masu jan baya, ba Golf ba. (Yin hakan a titin jama'a kuwa ganganci ne da ya sha cin rayuka, wannan wani zance ne daban.)

Mutanen Mazda suna da kalmar da suke kiran wannan da ita, "jinba ittai", wato doki da mahayinsa su zama jiki ɗaya. Duk wanda ya taɓa kallon gwanin mahayi a sukuwar hawan sallah, yadda yake juya ingarma da cinya da ɗan motsin linzami, ya fahimci abin da suke nufi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ga wata hujja da ke nuna gudu ba shi ne burin ba. Da Toyota ta fitar da GT86 a 2012, da gangan ta sa mata siraran tayoyi irin waɗanda ake sa wa Prius, motar tsimin mai. Manufar ita ce riƙon ya yi ƙasa, direba ya ji motar na wasa a hannunsa a gudun da ba zai kai shi asibiti ba. Mai A45 S kuwa, kafin ya kai inda motarsa za ta fara nuna halinta, ya riga ya ninka iyakar gudun da doka ta yarda. Wannan, a ganina, ita ce hujja mafi ƙarfi da masu sipot ke da ita.

Sai dai kada a ɗauka jan gaba ba shi da nasa daɗin. Injiniyoyi sun yi aiki a kan fizgar sitiyari: Renault da Ford da Honda duk sun sake fasalin ƙafar gaba don rage ta, an kuma ƙara na'urar da ke tura ƙarfi zuwa tayar da ta fi riƙo, har ka ji motar na jan kanta zuwa cikin kwana. Tsohuwar 205 GTI kuma ta yi suna da wani hali: ka ɗage ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, bayanta ya zame nan take. Gwanaye sun so ta saboda haka, 'yan koyo da yawa kuma sun tsinci kansu cikin shingen gona suna kallon inda suka fito. Ƙananan zazzafan nan sukan ɗaga tayar baya ɗaya sama a kwana, kuma wanda ya taɓa jin haka ba zai yarda a ce masa motar cefane yake tuƙawa ba.

Motocin da suka ƙi tsayawa a layi

Duk ma'anar da aka gindaya, akwai motar da za ta karya ta. A 2001 Renault ta cire kujerun bayan Clio ta dasa injin V6 mai lita 3 a wurin, ta mai da ita jan baya. Siffar hacbak, kujera biyu, inji a tsakiya. Wane layi za a sa ta? Lotus, wadda masu aƙidar sipot ke rantsuwa da ita, ta fitar da Elan mai jan gaba a 1989. Audi TT, da kowa ke gani ya ce sipot, a kan ƙashin Golf aka gina ta tun daga 1998 har ta ƙare a 2023. Injin lita 1.8 da ke bayan direban Alpine A110 ɗan gida ɗaya ne da wanda ke hancin Renault Mégane RS.

Sai Toyota GR Yaris ta 2020, wadda ta fi kowa rikita lissafi. Sunan Yaris take ɗauke da shi, amma bodinta mai ƙofa uku nata ne ita kaɗai, rufinta na zaren kabon ne, tana ja da tayoyi huɗu, injinta mai silinda uku yana ba da doki 261. Don gasar tseren daji ta duniya aka tsara ta. Idan sharaɗin motar sipot shi ne a gina ta musamman don tuƙi, to GR Yaris ta cika shi fiye da TT.

Aljihu, iyali, da mota ɗaya tilo

Mafi yawan masu wannan musu mota ɗaya suke iya riƙewa. A nan ne zancen ke sauka ƙasa. But ɗin MX-5 lita 130 ne, jakar tafiya biyu ƙanana sun cika shi. Na Golf ya kusa ninka shi uku tun kafin a kwantar da kujeru. Mai mata da yara biyu ba ya buƙatar dogon nazari. Kayan gyaran hacbak da yawa, fitila, gilashi, ƙofa, ɗaya ne da na 'yar'uwarta ta gida, kowane bakanike ya san cikinta.

Amma ita ma tana da nata harajin. Sifirin mai tauri da siririyar taya suna sa kowane rami ya iso ƙashin bayan fasinja. A Ingila a farkon shekarun 1990 ɓarayin mota da haɗurran matasa sun sa kamfanonin inshora suka tsawwala wa zazzafan hacbak kuɗi har kasuwarsu ta kusa durƙushewa. Farashin ma ya gudu ya bar talakan da aka ƙirƙiro ta dominsa: manyan cikinsu irin A45 S da Audi RS3 sun shiga layin kuɗin motocin alfarma, sun yi nauyi, kuma ba a samunsu da giyar hannu. Ita kanta GTI ta rabu da giyar hannu a gyaran da aka yi mata a 2024. Shi ya sa za ka ji wasu tsofaffin masoya hacbak suna cewa MX-5 ta yau ta fi kusa da ruhin GTI ta 1976 fiye da jikokin GTI ɗin.

Ni dai hukuncina shi ne, zazzafar hacbak ba motar sipot ba ce, kuma ba ta buƙatar zama. Mai ita da ke dagewa sai an kira ta sipot yana rage mata daraja ne, domin gwanintarta ita ce yin aiki biyu da jiki ɗaya. Mai sipot da ke kallon Civic Type R a matsayin motar kasuwa da aka yi wa kwalliya kuma, da alama bai taɓa zama a bayan sitiyarinta ba.

Me ya sa duka biyun ke ɓacewa?

Tarayyar Turai tana auna matsakaicin hayaƙin duk motocin da kamfani ya sayar, kuma tarar Yuro 95 ce a kan kowane giram da ya haura ƙa'ida, a ninka da yawan motocin. Mota mai shan mai da ba a sayar da ita da yawa sai ta zama kaya a wuyan kamfani. Faransa ta ƙara da nata harajin hayaƙi a kan mai saye, wanda ƙololuwarsa ta kai Yuro 70,000 a 2025. Ga kuma masu saye da suka koma wa dogayen motoci masu kama da jif.

Sakamakon a fili yake. Ford ta daina Fiesta a Yulin 2023, Fiesta ST ta tafi da ita, Focus ta bi su a 2025. Mégane RS ta ƙare a 2023. Hyundai ta janye i20 N da i30 N daga Turai a 2024. Honda ta sanar da sallamar Civic Type R daga kasuwar Turai. A ɗaya gefen, sababbin dokokin kare haɗari sun fitar da GR86 daga Turai a 2024, Porsche kuma ta tsayar da 718 mai fetur a 2025.

Wannan ya shafe mu ta hanyar da aka saba. Abin da Bature ya saya sabo yau, shi ne ke sauka Kwatano da Legas bayan wasu shekaru. Idan ba a ƙera ba, ba za a gan shi a wajen dillalai ba, waɗanda suka rage kuma farashinsu zai riƙe. Wanda ya ci karo da GTI ta hannu yana sha'awa, ya tuna injin turbo mai injekta ba ya yafe gurɓataccen fetur ko baƙin mai na jabu, kuma motar da aka sassauke don titin Jamus za ta riƙa gaisawa da kowane tudun rage gudu a unguwa.

Masu maye gurbin na lantarki ne. Alpine ta fitar da A290 a kan sabuwar Renault 5. Hyundai Ioniq 5 N tana da doki 650, nauyinta kuma ya haura tan biyu, wato MX-5 biyu a kan sikeli. Ba ta da giya irin ta motar fetur, amma injiniyoyinta sun sa mata manhajar da ke kwaikwayon canjin giya, har da ɗan fizgar da ake ji a baya idan giya ta shiga, da rurin inji da ke fitowa daga lasifika. Direba yana iya kashe su da maɓalli ɗaya, kuma idan ya kashe su, motar ta fi sauri. Da yawa daga waɗanda suka gwada ta sun ce a kunne suka fi son ta.